Gidan da Na Gina wa Malamar Tsalle

Har yau ban iya faɗin sunan matar nan daidai ba. Na rubuta shi a tafin hannuna, na rubuta a jikin kalandar ɗakinmu, 'yata ta sa ni na yi ta maimaitawa kamar mai biya allo, amma da na zo tsakiya sai harshena ya harɗe. Shi ya sa a wurinmu Malamar Tsalle muke ce mata. Surukina ne ya raɗa mata wannan suna tun daga Kano, alhali bai taɓa ganinta ba.

Lokacin ina shekara ta shida a Dubai. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Deira, muna zaune ni da 'yata a ɗaki guda cikin wani gidan haya a Al Muraqqabat, kicin ɗaya mu da wasu mata uku. Mahaifinta ya rasu tana da shekara bakwai. Da aikin ya samu na ce zan tafi da ita, dangin uban suka yi mini caa, kakanta ne kaɗai ya tsawatar. Ya ce in tafi da ita, amma duk wani babban abu da ya shafi yarinyar shi zai yanke. Na amsa. Tun daga nan kowace Asabar da hantsi nake kiransa, in durƙusa a kan kafet ko da ba ya ganina, mu gaisa, ya tambayi karatun Uwata, don haka yake kiranta, sunan mahaifiyarsa ta ci. Kuma bai taɓa ajiye waya ba sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Ni da na rasa nawa uban da wuri, da wannan kalmar nake cin mako guda.

Tsalle kuwa ban san inda yarinyar ta gado shi ba. Ni ko kwata zan tsallaka sai na tsaya na yi bisimilla. Ita kuma ta kwaso gudu daga nesa, ta taka wani farin katako, ta tashi sama ta dira cikin yashi, a zo da awo a auna. Abin da na sani game da dogon tsalle ke nan, sai kuma yashin da nake sharewa a ɗaki kullum. A ranar wasannin makaranta matar ta gan ta, ta ce a bar mata ita. Doguwa ce siririya, ta haura hamsin, gashinta ya yi furfura ta aske shi kamar na namiji. Magana ba ta dame ta ba. In ka ji bakinta, to "yalla" ta ce, wato maza, ko "khalas", wato shi ke nan. Baba, wato surukin nawa, ya yarda da horon tunda bayan makaranta ake yi, kuma yarinyar da dogon wando da ƙaramin hijabi take shiga fili.

Rigimar ta taso ne da maganar tafiya. In zafi ya shigo garin nan ko ƙadangare ba ya fita, balle yara su yi gudu a fili. Malamar ta ce za ta ɗauki 'yan mata shida ta kai su ƙasarsu, Bulgariya, can cikin duwatsu, su yi mako uku ana horo, kuma daga cikinsu za a zaɓi masu shiga wata babbar gasa. 'Yata tana cikin shidan. Ranar da ta zo da takardar ko abinci ba ta iya ci ba. Ban taɓa ganin ta so wani abu haka ba tun rasuwar ubanta, kuma na san in aka hana ta, abin ba zai tsaya a kuka ba.

Ranar Asabar na jera wa Baba bayani. Na ce matar tana da takardun shaida, ƙungiyar wasannin da take wa aiki tana da izinin hukuma, iyayen sauran yaran duk sun sa hannu. Ya bar ni na gama.

"'Yar gidan waye?" ya ce.

"Baba, Baturiya ce fa."

"Turawan daga sama suke faɗowa? Takarda ba ta riƙon yaro, 'yar nan. Ko akuya za ki ba mutum kiwo, sai kin san gidansu. Ki bincika mini asalinta, Asabar mai zuwa ina ji."

Na san abin da za ku ce, me ya hana in tambaye ta. To ku gwada. Matar da za ka gaishe ta da "ina wuni" ta amsa maka da haɓa, ta ina za ka ɓullo mata da waye ubanki, waye kakanki? Kwana biyu ina juya abin. Rana ta uku, ina tsaye a jirgin metro a ɓangaren mata, na ciro waya na kwafi sunan nata na biyu harafi bayan harafi daga takardar tafiyar, na danna nema.

Sai ga jeri. Mata sun kai goma sha, duk da wannan suna, kowace da shekarar haihuwarta da abin da ta shahara a kai. Wata 'yar tanis, wata mai ninƙaya, biyu masu ƙwallon raga, wata mai jifa da faifan ƙarfe. Akwai wadda take zamiya a kan ƙanƙara da bindiga rataye a baya, ta tsaya ta yi harbi ta ci gaba, kuma wai wannan ma wasa ne. Ɗaya ce kawai ba 'yar wasa ba, taurari take bincike, na ce wannan ita ce ta bijire wa sana'ar gida. Na wuce tashar Al Rigga, inda nake sauka, ban sani ba.

Ga yadda na yi lissafina, kuma har yanzu ban ga laifinsa sosai ba. A wurinmu in mutum biyu sun haɗa sunan uba irin wanda ake raɗawa kowace ranar suna, ba wanda zai ce 'yan'uwa ne. Amma suna baƙo, dogo, mai wuyar faɗa, ai laƙabin gida ne, duk inda ka ji shi tsatso ɗaya ne. Wannan suna kuwa da ko faɗarsa ba ta yiwuwa, wa zai ɗauke shi in ba gadonsa ya yi ba? Abin da ya ɗan ɗaure mini kai shi ne ƙasashen sun bambanta, wata Rasha, wata Yukren, wata Bulgariya. Amma nan ma na warware wa kaina. Mu ba mu da dangi a Maraɗi da Kumasi da Sudan? Aure da fatauci suna kai mutum ko'ina. Sunan Malamar ba ya cikin jerin, na ce ai ba kowane ɗan sarki ne yake sarauta ba.

Da Asabar ta zo na karanta wa Baba jerin tas. Na ji ya gyara zama.

"Ikon Allah. Ashe gidan gado ne. To ai shi ke nan, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk mata?"

"Duk mata, Baba."

"Mazan gidan fa?"

Na ce wataƙila su noma suke yi. Ban san daga ina wannan ta fito mini ba.

Ya ce Uwata ta tafi, Allah ya tsare. Yarinyar ta daka tsallen da ya kusa karya mana gado.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi ritaya, ba abin da yake so irin warware dangantaka. Ya sa aka rubuta masa shekarun haihuwar matan a takarda, ya zauna ya tsara gidan. Mai jifa da faifai, wadda ta girme su duka, ita ce gwaggo. Masu ƙwallon raga biyun wa da ƙanwa ne suka haife su. Mai bindiga yayar Malamar ce, don tsiransu shekara uku. Kowace Asabar bayan ya tambayi Uwata sai ya ce, "Ya yayar tata mai bindiga? Tana nan tana harbin?" In ce tana nan lafiya. Wata rana ya tambaye ni me take harba a cikin ƙanƙara, tunda ba namun daji. Na ce allo. Ya ce, "Allo? Da harsashi?" Muka bar maganar, kowa da nasa ruɗanin.

Ni kaina na fara rikicewa. Na koma jerin na ga 'yar tanis ɗin da mai ninƙaya shekara ɗaya aka haife su, garuruwansu kuma tafiyar kwana biyu ce a jirgin ƙasa. Na duba hotuna, ba mai kama da wata, wata jawur, wata mai baƙin gashi. 'Yata ma ta ce, "Mama, ni fa ban taɓa jin Koci ta ambaci ko ɗaya a cikinsu ba." Na ce mata 'ya'yan manyan gida ba sa fariya, ta rufe mini baki ta je ta wanke takalminta. Gaskiya ita ce wani abu ya fara sosa mini zuciya, amma biza ta fito, an sayi jaka, sai na ƙi sosawa.

Saura kwana goma tafiya gwaggo ta mutu.

Wani jikan Baba ne ya gani a waya, don Baba ya sa shi ya riƙa bibiyar labarin gidan. Tsohuwar mai jifa da faifai ta rasu a garinsu bayan doguwar jinya. Ranar Laraba ce, ba ranar wayarmu ba, sai ga kiran Baba ina tsakiyar aiki.

"Kin je?"

"Ina, Baba?"

"Gaisuwa mana. An yi wa mata rasuwa, babbar gidansu, kina gari ɗaya da ita kina tambayata ina? Matar da za ta riƙe mana yarinya? Jibi Juma'a ki dafa abinci ki kai. In kin isa ki kira ni ta hoto, ni ma zan yi mata da bakina."

Ba a musu da Baba a kan ta'aziyya. Mutumin da ya taɓa hawa mota daga Kano zuwa Nguru gaisuwar matar abokin aikinsa, shekara ashirin bayan sun rabu.

Juma'a bayan an sauko na cika kula biyu, ɗaya shinkafa ɗaya miyar kaza, na sayi dabino da katan ɗin ruwa, na yafa babban mayafi mai duhu. 'Yata ta karɓo adireshin, wani tsohon bene a Al Karama, saman shagon masu ɗinkin labule. Duk hanya ina tsara yadda zan ce "ya haƙuri" da Turanci, ban samu ba. Na yi tsammanin zan tarar da takalma a ƙofa, ko mutum biyu uku 'yan ƙasarsu. Ba kowa. Malamar ta buɗe ƙofa da gajeren wando da soso a hannu, tana wankin banɗaki.

Ta dube ni, ta dubi kuloli, ta dubi 'yata.

"Ta ji ciwo ne?" ta tambaya da Turanci, idonta a kan gwiwar yarinyar.

Na ce a'a. Na tuɓe takalmi na shiga, na ƙi kujera na zauna a ƙasa yadda ake yi, na sunkuyar da kai. Ita ma, don rashin sanin abin yi, ta zauna a ƙasa da sosonta. Kafin in buɗe baki waya ta yi ƙara. Baba ya gaji da jira.

Ya sa babbar riga da hula, yana zaune a zaure. Na juya wayar ta fuskance ta. Ya yi gyaran murya ya fara, a nutse, yadda ya saba: ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ashe gwaggo lokaci ya yi, babban bango ya faɗi, Allah ya ba ku danganar rashi, ya haɗa kan 'yan baya. Ya ce in fassara. Na fassara yadda na iya.

Malamar ta kalli wayar, ta kalle ni.

"Wa ya mutu?" ta ce.

"Me ta ce?" in ji Baba.

A nan ne na yi abin da na yi. Duk ruɗanin baya zan iya cewa rashin sani ne, wannan kuwa da idona biyu na yi shi.

"Ta ce ta gode, Baba. Ta ce Allah ya ba da lada."

Ya ce madalla, ya yi sallama.

Na nuna mata hoton tsohuwar a waya. Ta ce ta san ta a talabijin tana yarinya, kowa ya san ta, amma ba ƙasarsu ɗaya ba ma. Na nuna mata jerin, na ce wannan fa, yayarki? Wannan fa? Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana girgiza kai. Ta ce a can sunan nan ya fi yashi yawa, a ajinsu kaɗai su uku ne suke amsa shi. Da ta gane duk abin da ya faru, har da gwaggo da mazan gida manoma, ta yi dariyar da ban san tana da ita ba, har da hawaye. Ni ban yi ba. Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da dariyar ta lafa ta tambayi me ya sa tsohon yake son sanin gidansu. Na ce a wurinmu ba a ba mutum amanar yaro sai an san daga inda ya fito, don in abu ya faru a san ƙofar da za a buga, kuma mutum yana jin kunyar ɓata sunan gidansu. Ta daɗe tana juya sosonta.

"To ni ba ƙofar da za a buga," ta ce.

A gidan marayu ta tashi. Sunan ma wata ma'aikaciyar wurin ce ta rubuta mata shi a takarda, don dole a cike gurbin. Tana da shekara tara aka ga tana da gudu aka kai ta makarantar kwana ta 'yan wasa, a can ta girma. Ba ta san uba ba, ba ta san uwa ba. Ta faɗi wannan duka kamar mai karanta awon tsalle, sannan ta buɗe kula ta leƙa, ta ce kazar tana ƙamshi.

Na ce mata ba komai, Baba ya riga ya yarda, saura kwana takwas, a bar maganar a nan. 'Yata ta ce, "Please, Koci."

"A'a," in ji Malamar. "A hannun wancan gidan tsohon ya damƙa yarinyar, ba a hannuna ba. Ki gaya masa wace ce ni. In ya ce ta zauna, ta zauna, khalas. Ita ce ta fi duk sauran, zan fi kowa jin zafi. Amma ba na ɗaukar 'yar mutane da sunan wasu."

Muka hau metro muna dawowa. Yarinyar ta jingina kai da gilashi, hawaye yana zuba, ba ta share ba. Na ji haushin matar ƙwarai a ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, ke da ba ki da kowa, me ya dame ki da tsohon da ke Kano? Na kuma ji haushin Baba, da jerin, da wanda ya zauna ya tara matan nan wuri ɗaya kamar 'yan ɗaki guda. Kaina ne kawai na rasa yadda zan yi da shi.

Asabar da hantsi na durƙusa a kan kafet na kira. Yarinyar tana zaune a bakin gado, jakar tafiyar a gabanta. Bayan gaisuwa na ce ina da magana. Na faɗa masa duka, tun daga metro har zuwa gidan marayu. Na faɗa masa abin da ta ce da gaske lokacin da ya yi mata gaisuwa, da abin da ni na ce ta ce.

"Wannan na sani," ya ce. "Shekara sittin ina zuwa gaisuwar mutuwa, 'yar nan. Fuskar da na gani jiya ba ta wadda aka yi wa rashi ba ce. Jira nake in ga ranar da za ki faɗa."

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Ke kika ga ya dace ki gaya mini, ko ita ta sa ki?"

Da na so, da na ce ni ce. Ba mai ƙaryata ni sai yarinyar da ke bakin gado.

"Ita ce, Baba."

"Ta san zan iya hanawa?"

"Ta sani. Ta ce in kun hana, a zauna."

Na duba ko layin ya yanke. Ina jin kukan tumaki a bayansa, da wani mai tallan ruwa yana wucewa.

"Ke na san ubanki, na san kakanki, da ni aka ɗaura auren uwarki," ya ce a hankali. "Kika dube ni kika juya mini magana. Ita ba ta san wanda ya haife ta ba, ta ce a gaya wa tsoho gaskiya. Ba ni Uwata."

Na miƙa mata wayar. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga ta toshe baki da hannu tana gyaɗa kai, tana cewa to Baba, to, insha Allah, zan riƙe sallah. Ta miƙo mini tana dariya tana kuka, ta faɗa kan jakarta ta rungume.

Na mayar da wayar kunnena, ina durƙushe har yanzu.

"Ranar tafiya ki raka su filin jirgi," ya ce. "Ki ce wa Malamar na ce in ta dawo, tana da ƙofar da za a buga a Kano. Sai anjima."

Na jira sauran, albarkar nan da ya saba sa mini. Shekara shida ban taɓa ajiye waya ban ji ta ba. Na riƙe wayar a kunne ina jira, har hasken fuskar wayar ya ɗauke.